WA YA AUNA RUWAN DA ƊIYANMU KE SHA?

Zuwa ga dukan rassa, na birni da na ƙauye. A karanta wannan takarda da ƙarfi ranar kasuwa. A kuma kai ta taron mata, don su ne masu ɗebo ruwa, su ne masu jinyar yara.

 Yau maganar ruwa za mu yi, kuma daga Tibiri za mu faro ta.

ABIN DA YA SAMI TIBIRI

Babu wanda za a gaya wa Tibirin Gobir. Garin Sarkin Gobir ne, a bakin Gulbin Maraɗi, tafiya kaɗan daga birnin Maraɗi. Mutanensa manoma ne kamar ku: gero da dawa da wake da gyaɗa a tudu, lambu a fadama. A 1985 aka buɗe musu foraji mai zurfi, ruwa ya zo cikin pampo. Wace mace ce ba za ta yi murna ba? Hannu ya huta da igiya, kai ya huta da tulu, ga ruwa garau, ba laka, ba tsutsa, ba wari.

To, sannu a hankali sai yaran da suka tashi da wannan ruwa suka fara sakewa. Haƙora suka rine, suka yi dabbare-dabbare. Ƙafafu suka tanƙware, wasu suka yi baka, wasu suka gwame. Kawunan wasu suka yi girma fiye da ƙima. Gaɓoɓi suka riƙa ciwo dare da rana, har wasu tafiya ta gagare su. Haka aka yi ta sha wajen shekara 15, har zuwa 2000.

Da aka auna ruwan, sai ga shi ɗauke da wani sinadari da ake ce wa fuluwor. Hukumar Lafiya ta Duniya, wato OMS, ta ce kada ya wuce miligiram 1,5 cikin lita guda ta ruwan sha. Na Tibiri ya tashi daga wajen 5 zuwa sama da 6, ninki uku ko huɗu ke nan. Yaran da abin ya taɓa sun kusa dubu 5, kuma fiye da 400 daga cikinsu ƙasusuwansu sun lalace ƙwarai. Ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasarmu, ANDDH, ta kai ƙarar kamfanin ruwa na gwamnati na lokacin, wato SNE. A 2002 ƙungiyar FIDH ta duniya ta fitar da rahoto musamman kan ɗiyan Tibiri. Yaran nan yanzu magidanta ne da matan aure. Ƙashin da ya tanƙware yana yaro, haka mai shi zai ɗauke shi zuwa gona, zuwa kasuwa, har ƙarshen ransa.

MENE NE WANNAN FULUWOR?

Ku saurara da kyau, don rashin sani ya fi dare duhu. Fuluwor na cikin wasu duwatsu da wasu yumɓu na ƙarƙashin ƙasa tun halitta. Ruwan da ya daɗe kwance cikin irin wannan ƙasa yakan narkar da shi kaɗan-kaɗan, shi ya sa aka fi samunsa a ruwa mai zurfi. Ba shi da launi, ba shi da ɗanɗano, ba shi da wari. Idon tsohuwa da harshen mai gari ba su iya gane shi. Awo kaɗai ke tona asirinsa.

In kaɗan ne yana ƙarfafa haƙori, har ana sa shi cikin man goge baki. In ya yi yawa sai ya shige cikin haƙori da ƙashi ya zauna. Babba yakan ɗauki shekaru kafin ya ji a jikinsa. Yaro kuwa ƙashinsa ɗanye ne, ginuwa yake yi, duk abin da aka ba shi da shi zai ginu. Abu biyu kuma na ƙara mana haɗari a nan. Na fari zafin rana: ɗan Maraɗi a watan bazara yana shan ruwa fiye da ɗan Faransa nesa ba kusa ba, saboda haka ko lita guda tasu da tamu ɗaya ce, abin da ke shiga cikinmu ya fi yawa. Na biyu yunwa: yaron da ba ya samun nono da abinci mai gina ƙashi, wannan guba ta fi saurin karya shi. Ashe ko guba ma ta san gidan talaka!

HUJJOJI UKU DA ZA A KAWO MUKU

Duk ranar da kuka ta da wannan magana a biro, hujja uku za ku ji. Ku riƙe amsarsu tun yanzu.

Za a ce muku ƙaddara ce. Mun yi imani da ƙaddara, amma an umurce mu mu ɗaure raƙumi sannan mu yi tawakkali. Wanda ya ja ruwa zuwa gari bai auna ba, ko ya auna ya sa takardar cikin durowa ya kulle, bai ɗaure raƙuminsa ba. Kada ya ɓoye sakacinsa cikin rigar malamai.

Za a ce muku ai ba wanda ya zuba wannan guba, daga dutse take. Gaskiya ne, daga dutse take. Amma dutsen bai hau shato da ƙafarsa ba, bai bi bututu ya zo ƙofar gida da kansa ba. Mutum ya haƙa, mutum ya ja, mutum ya karɓi kuɗin ruwa kowane wata. Mai sayar da hura in ya dama da gurɓataccen nono, ba za a kama saniya ba. Wanda ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Kuma kada a ruɗe ku da sake suna. A 2001 an rushe SNE, aka kafa SPEN mai riƙe dukiyar ruwa, da SEEN mai rarrabawa, wadda aka danƙa wa kamfanin Vivendi na Faransa. Allon ƙofar biro yakan sake, amma wanda ya gaji gida ya gaji bashin gida. Gwamnati ce uwar ruwa jiya da yau.

Za a ce muku babu kuɗi. Haba! Akwai kuɗin kawo mota mai haƙa, akwai kuɗin siminti da ƙarfe da shato, akwai kuɗin rumfa da kujeru ranar buɗewa, sai kuɗin auna kwalba guda ta ruwa ne babu? Awon fuluwor ba sihiri ba ne. Akwai na'ura ƙarama da ma'aikaci ke ɗauka cikin jaka, ya auna a bakin pampo, ya ga amsa tun bai tashi ba. In an kwatanta kuɗin awo da kuɗin foraji, kamar kuɗin gishiri ne cikin kuɗin sa. Wa ke yanka sa ya ce gishiri ya fi ƙarfinsa?

SHIN ANA WANKE RUWAN ƘARƘASHIN ƘASA?

Wani zai ce, to, in ruwa ya ɓaci sai a wanke shi mana. 'Yan'uwa, ruwan ƙarƙashin ƙasa ba randa ba ne da za a juye a ɗauraye. Yana kwance cikin rairayi da tsakuwa, yana tafiya kamar hawainiya, wani wuri 'yan taku kaɗan cikin shekara. Abin da ya shige shi ya daɗe.

Guba iri biyu ce. Akwai ta dutse, irin ta Tibiri. Wannan ba a fitar da ita daga ƙasa har abada, don ƙasar ce ke haifarta. Abin da ake yi shi ne a bar wannan ruwan, ko a tace shi bayan ya fito. Akwai kuma wadda hannun mutum ya zuba. Ita ana ƙoƙarin fitar da ita, amma ku ji abin da takan ci.

A ƙasar Amurka, jihar Kalifoniya, akwai wani ƙauyen noma da kiwo cikin hamada, sunansa Hinkili. Daga 1952 zuwa 1966 kamfanin gas da lantarki mai suna PG&E ya riƙa zubar da ruwa mai wani sinadarin hana tsatsa, kuromiyam mai lamba 6, cikin tafkunan da ba a daɓe ƙasansu ba. Ruwan ya tsiyaye ya tarar da ruwan rijiyoyi. Sai a 1987 hukuma ta sami labari. A 1996 kamfanin ya biya mutane fiye da 600 diyyar dalar Amurka miliyan 333. Sannan aka shiga wanki. Ana tura sinadarin etanol cikin ƙasa don ƙwayoyin halitta da ke ciki su juya gubar ta koma iri mai kwantawa. Ana kuma tsotso ruwan a shayar da gonakin ciyawar dabbobi, ƙasa ta kama gubar. Duk da haka, an wuce shekara 50 da daina zubarwa, aikin bai ƙare ba. Kamfani ya saye gidaje ya rushe, mutane suka watse, a 2015 aka rufe lakkwal ɗin garin.

Wannan fa Amurka ke nan, mai kuɗi, mai injiniyoyi, mai lauyoyi. Shekara 14 na zubarwa ta jawo shekara da shekaru na gyara, kuma gari ya mutu kafin ruwa ya warke. To, ina ga mu? Kada ku ce wannan labarin nesa ne. A Arlit, inda aka fara haƙar uraniyom tun 1971, ƙungiyar Greenpeace ta ɗebi ruwa a 2009, ta bayyana a 2010 cewa huɗu daga cikin samfur biyar sun wuce iyakar da OMS ta sa wa uraniyom. A 2021 aka rufe mahaƙar Cominak, aka bar tarin dusar ma'adini wajen tan miliyan 20. In ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

MAGANIN DA KE CI DA WANDA BA YA CI

Mata, ku ne za ku fi amfana da wannan sashe. Tafasa ruwa tana kashe ƙwayoyin zawo, amma ba ta fitar da fuluwor. Ruwa ne ke tashi cikin tururi, guba ta zauna, har ta ƙara kauri. Ruwan jabel ma ƙwayoyi yake kashewa, ba ruwansa da wannan. Ƙyallen tacewa da ya taimake mu muka kori kurkunu, har OMS ta shaida a 2013 cewa Nijar ta rabu da shi, shi ma fuluwor ratsa shi yake yi kamar iska ta ratsa zana.

Ga abin da ke ci. Na ɗaya, kuma shi ya fi, a nemi wani ruwa: a haƙa wani wuri, ko a tsaya a wani zurfi da awo ya nuna lafiya lau ne, ko a jawo bututu daga inda ruwa ke da kyau. Na biyu, a gauraya mai guba da mai kyau cikin shato, bisa lissafi, har adadin ya sauko ƙasa da iyaka. Na uku, dabarar Nalgonda, wadda masanan Indiya suka fito da ita a 1975: a zuba alif da farar ƙasa irin ta shafen bango bisa awo, a motsa, a bari ya kwanta, a tsiyaye na sama, a binne lakar nesa da rijiya da gona. Na huɗu, gawayin ƙashi. Ana ƙona ƙashin shanu da iska kaɗan, a daka, a cika tukunyar tacewa da shi. Da yake fuluwor ƙashi yake so, sai ya kama na saniya ya bar na yaro. An daɗe ana aiki da wannan a Nakuru ta Kenya da wajen Arusha ta Tanzaniya, inda ƙasarsu ke da irin cutarmu. Mu kuwa da ke da mahauta a kowace kasuwa, ƙashi ya yi mana wuya? Na biyar, injin tacewa mai matsa ruwa ta cikin wata fata mai ƙananan ƙofofi. Yana aiki ƙwarai, amma yana son lantarki da kayan gyara da kuɗi, kuma yana zubar da wani kashi na ruwan.

Sai dai ku lura. Kowace dabara cikin ukun ƙarshe tana son mai kula da ita. Gawayin ƙashi yakan ƙoshi, in ya ƙoshi sai ruwa ya wuce da gubarsa alhali mutane na zaton suna cikin aminci. Alif in ya yi yawa shi ma ɓarna ne. Don haka ko'ina muka juya, kan awo muke komawa. Tukunyar tacewa da ba a aunawa, laya ce kawai.

Kuma muna gargaɗi da babbar murya: kada wani ya ji wannan takarda ya gudu daga pampo ya koma tabki. Fuluwor yana ɗaukar shekaru kafin ya karya ƙashi, amma kwalara da zawo sukan ɗauke yaro cikin kwana biyu. Yawancin forajinmu alheri ne. Abin da muke nema shi ne a raba mana mai kyau da mugu, da shaida a rubuce.

MU MA MU DUBI HANNUNMU

Wanda zai tuhumi hukuma, ya fara share ƙofar gidansa. Akwai gubar da mu talakawa ke aika wa ruwanmu da kanmu. Masai da aka haƙa kusa da rijiya, garken dabbobi a bakinta, takin zamani da ake zubawa ba awo a fadama inda ruwa ke kusa, duk suna aika wani sinadari mai suna nitarat. Iyakarsa miligiram 50 cikin lita. In ya wuce, jarirai ya fi kamawa: jininsu ya kasa ɗaukar iska, leɓe da farce su yi shuɗi. Ga kuma mai lambu da ke wanke pampon feshi a bakin rijiya, da wanda ke mai da galan ɗin maganin ƙwari abin zuba ruwan sha ko mai. Ɗan'uwa, wannan ba Bature ya yi maka ba, ba kuma minista ba. A nisanta masai daga rijiya da aƙalla mita 30, a kuma sa shi ta gangare. A ɗaure bakin rijiya da siminti, a yi mata marfi. Galan ɗin magani a huda shi don kada ya sake shiga gida.

ABIN DA MUKE NEMA, DA AIKIN KOWANE RESHE

A 2010 ƙasarmu ta kafa dokar ruwa wadda ta ce samun ruwa haƙƙin kowane ɗan ƙasa ne. A cikin shekarar nan, ran 28 ga Yuli, babban taron Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince cewa ruwan sha mai tsabta haƙƙin ɗan Adam ne. Saboda haka ba bara za ku yi ba. Haƙƙinku za ku tambaya, da ladabi, amma ba da sunkuyar da kai ba.

1. Kowane reshe ya ƙidaya rijiyoyi da foraji da pampon garinsa, ya rubuta wanda ya haƙa, da shekarar, da zurfin in an sani.

2. A tafi wurin magajin gari da ma'aikatan ruwa na jiha, mutum biyar, biyu daga ciki mata, a nemi takardar awon kowane ɗaya. A tambaya a fili: nawa ne fuluwor, nawa ne nitarat, yaushe aka auna? Kada ku yarda da "ruwan na da kyau" na fatar baki. Gani ya kori ji.

3. Kada a buɗe sabon foraji, ko na gwamnati, ko na ƙungiyar agaji, ko na attajiri mai neman lada, sai an karanta takardar awonsa gaban jama'a. A kuma sake aunawa kowace shekara, don ruwa yakan sake hali.

4. A liƙa sakamakon da Hausa a jikin shato da bakin kasuwa. Don wanda bai yi karatu ba, a yi abin da aka yi a Bangaladash. Can, bayan an haƙa miliyoyin rijiyoyin pampo tun daga shekarun 1970, sai a 1993 aka tabbatar da gubar arsenik cikin ruwan. Suka bi pampo ɗaya-ɗaya suna aunawa, mai guba a shafa wa bakinsa jan fenti, mai kyau a shafa kore. Jan pampo a yi wanki da shi, kore a sha, a yi abinci. Gwangwanin fenti nawa ne?

5. Malaman lakkwal da ungozomomi da ma'aikatan likita su riƙa duba bakin yara. Rinannen haƙori a bakin yara da yawa na unguwa ɗaya ƙararrawa ce. Haƙori ke fara magana kafin ƙashi. In an ji tun a nan, an ceci ƙafa.

6. Duk inda awo ya nuna guba, a kawo wa mutane wani ruwan sha nan take, ko da tanki ne, kafin a gama shawarar gyara. Kuɗin gyara da na jinya da na diyya su fito daga wanda ya zuba gubar, ko wanda ya sayar da ruwan. Kada a aza wa talaka sabon haraji don ya sayi lafiyar da aka ƙwace masa.

7. Kada a manta da ɗiyan Tibiri. Wanda aka nakasa da ruwan hukuma yana da haƙƙin magani da sana'a da kulawa a wuyan hukuma, muddin ransa.

'Yan'uwa, tun 1960 tuta tamu ce, biro namu ne, masu zama cikinsa ɗiyanmu ne da suka sha ruwan rijiyoyin nan suka girma. Babu sauran kumandan da za a ce shi ya hana. In muka yi shiru, mu muka yi. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka: mutum ɗaya in ya je biro za a ce ya dawo gobe, amma in gari goma suka zo da tambaya ɗaya cikin mako ɗaya, za a buɗe durowa.

Magatakardan kowane reshe ya aiko mana da lissafin rijiyoyinsa da amsar da aka ba shi, ko amsar ta zama shiru ce. Za mu buga duka, gari bayan gari.

A AUNA KAFIN A BUƊE!
A LIƘA TAKARDA A BAKIN KASUWA!
WANDA YA ƁATA RUWA, SHI ZAI GYARA!

In ka gama karantawa, miƙa wa na kusa da kai.